Me ya hana a fitar da kaset ɗin gwaji da mawaƙan rok suke bari?

Ɗan'uwa, ka ce ka sha jin cewa manyan mawaƙan rok na Amurka da Birtaniya sukan mutu su bar ɗakuna maƙil da kaset na waƙoƙin gwaji, irin waɗanda ake kira demo. Kana tambayar abin da ya hana magada su juye su duka a kasuwa, tun da ga masoya sun zaƙu, ga kuma kuɗi a kwance. Ka ƙara da cewa kana zargin rowa ce, ana tsakurowa kaɗan-kaɗan don riba ta daɗe.

Zargin naka yana da ƙamshin gaskiya, kuma zan zo kansa. Sai dai tambayar ta ɗauka cewa abin da ke cikin ɗakin nan waƙoƙi ne kammalallu da ke jiran a buɗe musu ƙofa, alhali yawanci ba haka ba ne. Duk demo ɗin da ya iso kunnenka, wani ne ya tsamo shi daga tarin shirgi, wani ya ceto shi daga zaren da ke lalacewa, wani kuma ya yanke abin da za a goge da abin da za a ƙara. A kan waɗannan hannuwan ya kamata ka sa ido, fiye da kan makullin ɗakin.

Mu fara da kwalin kansa. Ka buɗe ka tarar da kaset jibge, rabinsu babu rubutu, wasu an rubuta "sabo" ko "na daren jiya", ba wata ba shekara. Ka sa ɗaya. Mutum ne shi kaɗai da jitarsa, yana nanata salo ɗaya na tsawon minti 20, yana gunaguni a inda baitoci za su zauna daga baya. Waya ta yi ƙara, ya tashi ya bar na'urar tana ɗaukar surutun talabijin. Ya dawo ya kama wata waƙar daban, ya yar da ita a tsakiya. Can ƙarshen zaren sai wutsiyar wata tsohuwar ɗauka ta ɓullo, wadda aka danne da wannan. Haka mafi yawan taskar take. Bai ɗauki wannan don kai ko ni ba, ya ɗauka ne don kada ya wayi gari ya manta karin da ya zo masa cikin dare. Da aka fitar da ɗaukar gida ta Kurt Cobain, jagoran ƙungiyar Nirvana, a 2015, shekara 21 bayan mutuwarsa, masu sharhi da dama sun yi tir, suna ganin an leƙa wa mutum ɗaki ne kawai aka sayar da abin da aka gani.

Amma akwai demo da aka yi da niyya, kuma su ne ke sa mutane zumuɗi. A watan Mayun 1968 'yan Beatles sun taru a gidan ɗayansu, George Harrison, da ke Esher a Ingila, suka ɗauki waƙoƙi 27 da jita mara lantarki kafin su shiga situdiyo, kuma sai a 2018 aka fitar da su gaba ɗaya a hukumance. Pete Townshend na ƙungiyar The Who yakan kaɗa kowane kayan kiɗa shi kaɗai a gida ya kai wa abokansa waƙar a shirye, har ya fara tattara irin waɗannan yana fitarwa tun 1983. Bob Dylan kuwa, abin da ya ɗauka a 1967 tare da The Band a ɗakin ƙasa na wani gida da ke kusa da Woodstock, an kwafi wani sashe aka raba wa wasu mawaƙa don su zaɓi abin da za su rera. Daga nan ya sulale ya faɗa hannun 'yan bayan fage, ya fito a faifan sata a 1969. Kamfani ya fitar da wani ɓangare a 1975, cikakken tarin mai ɗauka 138 kuwa sai 2014.

Wanda ya fi koyar da darasi a wajena shi ne na Bruce Springsteen. A farkon 1982 ya zauna a gidansa a New Jersey da wata 'yar na'ura mai layi 4, Portastudio 144, wadda ke ɗauka a kan kaset irin na kowa, ya ɗauki waƙoƙin da yake nufin koya wa makaɗansa. Suka shiga babban situdiyo suka gwada, abin ya ƙi. Duk ƙarin kiɗan da aka yi sai ya rage wa waƙoƙin wani abu. Ƙarshe dai kaset ɗin nan da ya yi ta yawo a aljihunsa ba tare da kwanso ba shi aka mayar kundin Nebraska, bayan injiniyoyi sun sha wuya kafin su iya sassaƙa shi a kan faifan garmaho. Ka lura da abu ɗaya: shi da kansa ya saurara ya ce wannan ne. Wannan izinin shi ne abin da magada ba su da shi, kuma babu kotun da za ta ba su.

To a ce an samu mai kyau a cikin tarin. Saura a ji shi, kuma ba a nan take ba.

Tef leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, aka riƙe shi da gam. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa cikin na 1980 wasu kamfanoni sun yi amfani da gam ɗin da ke shan danshin iska a hankali har ya narke. Ampex 456, wanda situdiyo da yawa suka dogara da shi a lokacin, shi ya fi ƙaurin suna, sai ɗan'uwansa 406, da wasu na 3M irin Scotch 226. Ka ɗora irin wannan a kan na'ura ba tare da dubawa ba, zai fara juyawa lafiya. Bayan 'yan daƙiƙu ka ji tsuwwa, sauti ya dushe, tef ya fara ja da ƙyar har ya cije. Ka leƙa kan na'urar ka ga baƙin danƙo kamar ƙaro ya taru. Wannan danƙon ba datti ba ne, waƙar ce ta kankaro daga jikin ledar, kuma ba ta komawa.

Maganin yakan ba mutane dariya: gasa shi ake yi. Ana sa shi a na'urar da ke riƙe zafi daidai, wajen digiri 50 zuwa 55 a ma'aunin Salshiyos, na awoyi, wani lokaci fiye da kwana in tef ɗin mai faɗin inci 2 ne, sannan a bar shi ya huce a hankali. Danshin ya fita, gam ya kama, ka samu 'yan makonni da za ka kwafe abin da ke ciki kafin ciwon ya dawo. Ba tandar ɗakin girki ake nufi ba, wannan zafinta hawa da sauka yake yi. Kuma ba kowane tef ake gasawa ba. Na shekarun 1950 da farkon 1960 da yawa an yi su ne da asitet, wanda nasa ciwon daban: yana tsami ya riƙa warin ruwan khal, yana ƙanƙancewa yana karyewa, zafi kuma ƙarasa shi yake yi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka ɗaga farantin ka hanga ta gefe wajen haske. In haske ya ratsa, asitet ne, ka nisanta shi da wuta.

Ƙaramin kaset bai cika wannan ciwon ba, amma yana da nasa. Ɗan soson da ke danna zare a kan na'ura yakan ɓalle, kwanson ya lanƙwashe, sai an ɓare shi an mayar da zaren cikin sabon gida mai kusoshi. Kafin komai ma ana ɓalle 'yan kunnuwan nan na sama, don kada wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ya shafe tarihi. In kuma a Portastudio aka ɗauka, rediyon gida ba zai yi maka amfani ba. Ita tana jan zare da ninkin saurin kaset na yau da kullum, santimita 9.5 a daƙiƙa maimakon 4.76, tana kuma cinye faɗin zaren duka a tafiya ɗaya. Ka sa shi a rediyo, za ka ji layi biyu kawai cikin murya mai kauri da nauyi, ka juya bayansa ka ji sauran biyun suna tafiya da baya. Wanda bai san haka ba zai iya jefar da kaset mai daraja a kwandon shara, yana ɗauka ya lalace.

Ko ka samu na'urar da ta dace, sai ka daidaita karkatar kanta da ta na'urar da ta yi ɗaukar, kana murza wata 'yar kusa kana saurare har siraran sautuka su washe. Sai ka gano ko an kunna na'urar rage shuu ta Dolby ko ta dbx lokacin ɗauka, domin in ka yi kuskure a nan sautin zai riƙa numfashi yana kumbura. Tef ɗin situdiyo yakan zo da sautin awo a farkonsa da takardar bayani a kwali. Na gida babu ko ɗaya. Har saurin ma ba tabbas, musamman in batir ya yi sanyi lokacin ɗauka. A nan ne gurnanin wutar lantarki, wanda kowa ke ƙi, yake zama aboki: wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50. In ka auna gurnanin da ke cikin ɗaukar ka ga ya kauce daga ɗayan biyun, ka san yadda za ka gyara saurin. Wani lokaci ma shi ke raba gardamar ko a Landan aka yi ɗaukar ko a New York.

Ƙa'idar masu adana sauti ita ce a kwafe tef ɗin yadda yake, da shuu ɗinsa da tarinsa, yawanci a ma'aunin kilohaz 96 da bit 24, a ajiye wannan ba a taɓa shi. Duk wani wanki da kwalliya a kan kwafin kwafi ake yi. Tef ɗin kansa kuma ba a yarwa, domin dabara tana ci gaba. Yau akwai hanyar da ke bin wani siririn sauti da na'urar ɗauka ta bari a jikin tef, wanda kunne ba ya ji, a yi amfani da shi a miƙe rawar da injin ya yi shekaru da dama da suka wuce. Wanda ya yar da tef ɗinsa bayan ya kwafe a faifan CD a 1995 ya rufe wa kansa wannan ƙofar. Ka lissafa wannan aikin a kan tef dubbai, kowanne sai an saurare shi daga farko har ƙarshe, za ka ga inda shekaru suke tafiya.

Ba kuma kowace taska ce ke jiran a zo ba. Gobarar da ta tashi a harabar kamfanin Universal da ke Hollywood ranar 1 ga Yunin 2008 ta cinye rumbun tef. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 cewa abin da ya ƙone ya haura tef 100,000, kamfanin kuwa ya musanta girman asarar. Abin da ya fi ciwo a irin wannan gobara ba shahararrun waƙoƙi ba ne, su suna da kwafi a ko'ina. Wanda ba a taɓa fitarwa ba shi ne ke tafiya gaba ɗaya.

Sai maganar mai shi. A nan mutane suka fi ruɗewa, domin riƙe kaset a hannu ba ya nufin mallakar abin da ke ciki. A kan ɗauka guda akwai haƙƙi biyu: na waƙar, wato kalmomi da kari, wanda yawanci yake hannun marubucin ko kamfanin da ya sayar wa, da kuma na ɗaukar sautin kanta. Yarjejeniyar kamfanonin faifai da yawa takan ce duk abin da mawaƙi ya ɗauka a tsawon zamansa da su nasu ne, ko da a ɗakin kwanansa ya yi. Ga kuma makaɗin da ya buga ganga a ɗaukar ba tare da ya sa hannu a komai ba, shi ma yana da ta cewa. Don haka tsohon abokin da ya tsinci kaset a ɗakin ajiya yana iya kai shi gwanjo, kamar yadda aka sayar da ɗaukar David Bowie ta 1963 a kan kusan fam 40,000 a 2018, amma wanda ya saya abin ajiya ya saya, ba izinin bugawa ba.

In mawaƙin bai bar wasiyya ba kuwa, ya bar baya da ƙura. Prince ya mutu a watan Afrilun 2016 ba wasiyya, ba mata, ba ɗa. Rumbunsa da ke ƙasan Paisley Park, gidansa kuma situdiyonsa a jihar Minnesota, sai da aka huda ƙofarsa kafin a shiga. A 2017 aka kwashe kayan zuwa ma'ajiyar kamfanin Iron Mountain a Los Angeles, wasu daga cikin 'yan'uwansa suna adawa, kuma rabon gadon bai kammala ba sai 2022. A tsakanin nan masu kula da dukiyar, waɗanda banki ne ke jagoranta, su ke yanke abin da za a fitar daga aikin mutumin da ya shafe rayuwarsa yana faɗa da kamfanoni a kan ikon mallakar waƙoƙinsa. Ɗaukar da suka fitar a 2018, shi kaɗai da fiyano a 1983, daga kaset guda aka ciro ta, kuma kyakkyawa ce ƙwarai. Ko shi zai yarda a ji ta, wannan wata magana ce. Haka waƙar ƙarshe da Nirvana suka ɗauka a situdiyo a Janairun 1994 ta kwanta har 2002, saboda shari'a tsakanin matar Cobain da sauran 'yan ƙungiyar biyu.

Yanzu ga rowar da ka ambata. Tana nan. Kamfani ya san cewa akwatin faifai mai tsada da aka fitar daidai cikar kundi shekara 50 ya fi kawo kuɗi a kan a zuba komai a intanet rana ɗaya, kuma ya san masoyi na gaske zai sake sayen kundin da yake da shi saboda demo 5 da aka liƙa a ƙarshe. Abin mamakin shi ne, wani lokaci kwaɗayin ne ke tilasta fitarwa. Tarayyar Turai ta amince a 2011 da tsawaita kariyar ɗaukar sauti daga shekara 50 zuwa 70, amma tsawaitawar tana kan abin da aka fitar ne. Ɗaukar da ta cika shekara 50 a rufe, kariyarta ta faɗi. Shi ya sa a ƙarshen 2012 kamfanin Sony ya buga ɗaukar Dylan ta 1962 a kwafi kusan 100 kacal, ya sayar a wasu shaguna a Turai, har ya rubuta a jikin kwalin cewa don tsawaita haƙƙin mallaka ne. A Disambar 2013 aka zuba ɗaukar Beatles 59 ta 1963 a shagon waƙoƙi na intanet iTunes ba talla ba sanarwa. Wannan ba don kai aka yi ba, don lauyoyi aka yi. Wani lokacin kuma ɓarawo ne ke buɗe ƙofar: da aka saci abin da ke cikin faifan MiniDisc 18 na Radiohead aka watsa a 2019, sai ƙungiyar ta sa shi a shafin sayar da waƙoƙi na Bandcamp a kan fam 18 na kwana 18, ta ba da kuɗin ga masu fafutukar kare muhalli.

Amma ni abin da ya fi damuna ba jinkiri ba ne. Abin da ake yi wa ɗaukar kafin ta fito shi ne.

Jimi Hendrix ya mutu a Satumban 1970 ya bar tef masu yawa da bai gama ba. A 1975 furodusa Alan Douglas ya ɗauki wasu, ya goge kiɗan mutanen da suka yi aikin tare da Hendrix, ya kawo makaɗan haya waɗanda ba su taɓa zama da shi ba suka kaɗa a kan jitarsa, har ya sa sunansa a matsayin abokin rubuta wasu waƙoƙin. Faifan ya sayu sosai. Amma gyaran gangar Auzinawa ne, domin Hendrix mutum ne da ke amsa wa mai ganga nan take, kuma an cire wanda yake amsa wa. Sai da iyalinsa suka karɓe ikon taskar a 1995 aka koma fitar da ɗaukar da makaɗanta na asali.

Na John Lennon na Beatles ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ba na sa su a kwando ɗaya. A 1994 matarsa Yoko Ono ta miƙa wa abokin ƙungiyarsa Paul McCartney kaset ɗin da Lennon ya ɗauka a gidansu na New York a ƙarshen shekarun 1970, murya da fiyano a cakuɗe a layi guda. Sauran 'yan Beatles ukun suka kaɗa a kan waƙoƙi biyu daga ciki, aka fitar a 1995 da 1996. Ta ukun ta gagara, saboda gurnanin lantarki ya yi yawa kuma fiyano yana danne muryar, Harrison ma bai so ta ba. Sai da ma'aikatan mai shirya fim Peter Jackson suka ƙera manhajar da ke koyon muryar mutum ta zare ta daga sauran sauti, sannan aka gama ta, ta fito a Nuwamban 2023 da sunan Now and Then, da jitar da Harrison ya kaɗa a 1995 a ciki. Ba muryar ƙarya aka ƙirƙira ba, tasa ce aka tsamo. Abokan aikinsa ne na asali suka yi, matarsa ta yarda, an kuma faɗa wa duniya dalla-dalla yadda aka yi. Duk da haka akwai sashen da Lennon ya rera a kaset ɗin wanda aka cire, kuma ba shi ya cire ba. Waƙar McCartney ce da ya gina a kan zanen Lennon, kuma in an saurare ta a haka babu laifi.

Bambancin Douglas da McCartney, a ganina, ba ya ga gwaninta. Ɗaya ya cire makaɗan asali ya sa baƙi, ɗaya ya bar asali yana nan ya yi bayani. Shi ya sa nake jinjina wa mahaifiyar Jeff Buckley, wadda bayan ɗanta ya nutse a kogi a Memphis a 1997 ta tsaya a kan a fitar da abin da ya bari yadda yake, ba ƙarin kiɗa, aka kuma sa masa sunan da ke nuna zane ne ba gini ba. Haka ɗaukar Lou Reed ta Mayun 1965: ya naɗe tef ɗin ya aika wa kansa ta gidan waya don hatimin ya zama shaidar ranar, ya ajiye ƙunshin bai buɗe ba har ya mutu a 2013. Da aka buɗe aka fitar a 2022, sai ga waƙoƙin da duniya ta sani da amon lantarki mai tsauri suna tafe cikin salon gargajiyar Amurka, da jita da harmonika. Darajar wannan tef tana ga rashin gyaransa. Da an kawo makaɗa sun cike shi, da an shafe abin da ya zo ya nuna.

Akwai masu cewa maganin duk wannan a ƙone. Shugaban Universal na Birtaniya a lokacin, David Joseph, ya faɗa a 2015 cewa ya lalata demo ɗin Amy Winehouse don kada wani ya zo ya gina kundi a kansu. Ita ba 'yar rok ba ce, amma matsalar ɗaya ce. Na fahimci niyyarsa, ban kuma yarda da shi ba. Adanawa daban, sayarwa daban. Tsakanin kasuwa da wuta akwai ɗakin karatu. Takardu da tef na Lou Reed suna ɗakin karatun jama'a na New York, inda mai bincike zai je ya zauna ya saurara. Taskar Dylan mai abubuwa kusan 6,000 ta koma Tulsa a jihar Oklahoma a 2016, aka buɗe cibiyarta a 2022. A irin wannan wurin gunagunin minti 20 ɗin nan yana da amfani, domin mai nazari zai ga ranar da baiti ya sauya, ba tare da an liƙa masa farashi an kira shi sabon kundi ba.

Mafi tsafta dai shi ne mawaƙi ya yi aikin da ransa. Neil Young ya daɗe yana yi, ya fitar da kundin da ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1970 ya ɓoye sai a 2020. Springsteen ya buɗe tasa taskar a 1998 da waƙa 66, ya ƙara wasu 83 a 2025. In irin wannan ya zo hannunka, saurara da kwanciyar hankali. In kuwa bayan mutuwa ne, duba bayanin da ke tare da shi: an faɗi ranar ɗauka da wurin, an faɗi irin tef ɗin, an faɗi wanda ya kaɗa me da kuma yaushe? In ka ga sunan makaɗin da aka haifa bayan mutuwar mawaƙin, ka san abin da ka saya.

Kada kuma ka ɗauka na baya-bayan nan sun tsira don sun bar tef. Nasu ya fi haɗari. Tef in ya tsufa dushewa yake yi, kana iya ceto wani abu. Na dijital in ya tafi, shiru ne kawai. Demo ɗin shekarun 1990 da yawa suna kan DAT, ƙaramin kaset na dijital, wanda Sony ta daina ƙera na'urarsa a 2005, da ADAT da ke ɗauka a kan kaset ɗin bidiyo, kuma masu gyaran waɗannan injuna suna ƙarewa. Kamfanin Iron Mountain ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 20 cikin 100 na rumbunan kwamfuta na shekarun 1990 da ake kawo masa daga masana'antar kiɗa ba sa buɗuwa. Wanda ya buɗu ma sai ka nemo tsohuwar manhajar da aka yi aikin da ita, da kwamfutar da za ta iya ɗaukarta, da 'yan ƙananan manhajojin sauti da kamfanoninsu suka daɗe da rufewa. Mawaƙin yau kuwa a wayarsa yake ɗaukar gwajinsa, a bayan lambar sirrin da shi kaɗai ya sani, a asusun da ake biyan kuɗinsa wata-wata da katin da banki zai rufe da zarar an kai takardar mutuwarsa.